Wutar da ake cinna wa daji duk shekara: me take ci bayan ciyawa?

Manomin Doguwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Talata da la'asar wuta ta taso daga bakin daji ta faɗa gonarmu. Dawa dai mun riga mun kwashe ta, alhamdu lillahi, amma harawar wake da ta gyaɗa da na ajiye wa shanun huɗa ko ƙulli ɗaya bai tsira ba. Amya huɗu na ƙanena da ke kan ɗorawa sun tafi. Mangwaro goma sha biyu da na dasa shekara uku da suka wuce, waɗanda duk bazara nake kai wa ruwa a jarka a bayan babur, yanzu sandunan gawayi ne a tsaye. Da muka bi sawu, ashe yara ne suka tura wuta a rami don su fito da gafiya, iskar hunturu ta ƙwace ta daga hannunsu.

Asara ta riga ta faru, na bar wa Allah. Tambaya ce ta kawo ni. Wannan gefen namu da ke kallon dajin Falgore babu shekarar da ba ya ƙonewa. Ina yaro, a nan mahaifina yake yankan gamba ta zana, mutum yana kan doki ba ka hango shi. Yau sai tofa da jar ƙasa, ga wani kwari da ya buɗe baki yana cin gona kowace damina. Dattawanmu suna cewa toka taki ce, ƙarancin ruwan sama ne ya kashe wurin. Ni kuma zuciyata tana ce mini wutar nan ce. Masu ilimin abin, ku warware mana.

Uwar Daddawa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Mu mata mun daɗe muna kuka da wannan abu. Lokacin da ɗorawa da kaɗanya suke fure shi ne lokacin da ake sakin wuta. Harshen wuta ya lashi furen, ƙudan zuman da ke bin sa ya watse, shi ke nan bana ba kalwa. Ni kalwar da nake daddawa da ita yanzu daga kasuwa nake saye, alhali a bayan gidanmu uwata take tsinta.

Ɗan Ruga:
Allah ya mayar da mafi alheri, Baba. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiyar wanda ya sa wutar, don da ba ka bi sawu ba, da tuni an ce Fulani ne. Ba na musun cewa makiyaya suna ƙona daji. Muna yi, kuma da dalili. Gamba idan ta bushe ta zama kara, saniya ba ta samun komai a cikinta. In an ƙona ta da wuri, cikin 'yan kwanaki sai ta yi toho ɗanye shar, shanu su ci su yi nono. Kaska ma tana raguwa. Kakanninmu sun yi haka shekara da shekaru dajin bai ƙare ba. To me ya sa sai yanzu wutar ta zama annoba?

Malamin Ƙasa:
Ɗan Ruga, tambayarka ita ce zuciyar maganar, zan dawo kanta. Bari in fara da ta Baba Manomi, tunda ilimin ƙasar noma nake koyarwa.

Dattawan da suka ce toka taki ce ba su yi ƙarya ba, rabin maganar suka faɗa. A cikin toka akwai fotash da sauran gishirin da shuka ke so. Iyayenmu mata shaida ne, daga tokar kara suke tace ruwan toka na miya, da ita ake sabulun salo. Shi ya sa wurin da aka ƙona yake yin kore da wuri a shekarar farko, mutum ya ga kamar ya ci riba.

Sai dai akwai abin da ba ya zama a toka, shi ne naitirojin, wato abin da kuke biyan kuɗi ku saya a buhun yuriya. Da ciyawa ta kama da wuta, mafi yawan naitirojin da ke jikinta hayaƙi yake bi ya tafi sama. Tokar da ta rage kuma ba ta da nauyi, iskar hunturu ta kwashi rabonta, ruwan farko ya wanke saura zuwa rafi. Ga kuma babbar asarar da ido ba ya gani: busasshen ganye da ciyawar da ke kwance a ƙasa su ne abincin gara da tana da ƙananan halittun da ke mayar da su baƙar ƙasa mai laushi, mai riƙe ruwa kamar soso. Idan kowace shekara an ƙone abincinsu, baƙar ƙasar ba ta samun mai maye gurbinta. Ƙasa ta zauna tsirara wata huɗu ko biyar a ƙarƙashin ranar bazara, samanta ya daskare. Ruwan farko in ya zo da ƙarfinsa ba ya nutsewa, gudu yake yi, yana tafiya da ƙasar sama. Kwarin da ke cin gonarka ta nan ya samo hanya.

Tofar da ka ambata ma shaida ce. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa inda wuta ba ta kaiwa, don haka duk ƙunar da aka yi abokan takararta ake kashe mata. Ka kuma duba gonakin da ke bakin wurin, ina kyautata zaton za ka tarar da wuta-wuta, wato ƙuduji, ta yi yawa a dawa, don ita ƙasar da ta gaji take so.

Manomin Doguwa:
Wallahi Malam kamar ka zo gonar. Ƙuduji ya hana mu sakat a wannan gefen, ko an zuba kamfa sai a hankali.

Ɗan Dakoro:
Sannunku da muhawara, daga jihar Maraɗi nike magana. Ɗan Ruga, abin da ka faɗa na toho gaskiya ne a wajenku, amma kada wani ya ɗauke shi ya kawo arewa. Ciyawarku gamba ce, tana da gindi mai rai da ke kwana a ƙasa. Tamu irin su ƙarangiya, mai shekara guda ce, da iri take fitowa. In ta ƙone a watan Oktoba ko Nuwamba, babu toho, babu komi, sai baƙar ƙasa har damina ta dawo, wata bakwai ko takwas ke nan. Wani lokaci har irin da ya zuba ƙasa wutar ke cinyewa. A yankin Bermo da Abalak da Cintabaraden gobarar daji ita ce babbar fargabar makiyayi, kuma abin tausayi, shekarar da ruwa ya yi kyau ciyawa ta cika, ita ce shekarar da wuta ta fi ɓarna. Shi ya sa da an gama damina ake fita share hanyoyin tare wuta, dogaye masu kilomita da yawa, a kankare ciyawar tas yadda in wuta ta iso ba ta samun abin kamawa. Gwamnati da ƙungiyoyi na biyan mutane su yi aikin, ciyawar da anka kankare kuma a tara ta a ajiye wa dabbobi ko a saida. A wajenmu makiyayi ba ya sa wa daji wuta da gangan, don rumbunsa ne.

Ɗan Ruga:
Na karɓi wannan gyara, Yaya. Ko a wajenmu in aka ƙona a makare, ƙasa ta riga ta bushe, tohon ba ya zuwa da ƙarfi. Amma har yanzu ina jiran amsar tambayata.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ɗana, bari in amsa maka, don na yi shekaru ina sa wa daji wuta da hannuna a bakin aiki. Wuta iri biyu ce. Akwai ta farkon rani, wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin ciyawa na da sauran danshi, da yamma ko da sassafe in raɓa ta sauka. Wannan tana tafiya a hankali, tana tsallake wurare, ba ta wuce gwiwa ko ƙugu, dare ya yi ta mutu da kanta. Irinta ake yi da gangan a wuraren ajiye namun daji kamar Yankari, don a rage abin da wutar baya za ta ci. Akwai kuma ta Fabrairu da Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Wannan tana hawa har kan bishiya, ba ta barin komai.

An gwada wannan a ƙasar nan tun kafin a haifi iyayen yawancinku. A 1929 ma'aikatan daji sun keɓe filaye a dajin Olokemeji, kusa da Ibadan. Wani ana ƙona shi a ƙarshen rani duk shekara, wani a farkon rani, wani kuma an hana wuta shiga sam. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka kare ya rufe ya zama kurmi, na farkon rani ya riƙe itatuwansa har ya ƙara, na ƙarshen rani kuwa itatuwa suka yi ta raguwa ciyawa ta mamaye. Ruwan sama ɗaya ne ya sauka a kan ukun. Baba Manomi, ka kai wa dattawanku wannan labari.

Babbar kaɗanya ba ta cika mutuwa da wuta ba, ɓawonta kauri gare shi. 'Ya'yanta ne ke mutuwa. Tsiro ya fito da damina, ya kai tsawon taƙi ko kamu, rani ya yi wuta ta cinye kansa. Baɗi ya sake tohowa daga saiwa, a sake ƙone shi. Yana buƙatar 'yan shekaru a jere ba wuta kafin ya yi tsawon da zai tsira, ga shi kaɗanya sai ta yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya. Ku shiga dajin da ke kusa da ku ku duba: tsofaffin bishiyoyi za ku gani, babu matasa. Ranar da tsofaffin suka faɗi, ko mai gawayi ya sare su, wurin ya zama fili.

To kakanninka, Ɗan Ruga, daji ne mai faɗi a gabansu. Su ƙona nan bana, su yi gaba, wurin ya huta. Yanzu gonaki sun cinye dajin, ɗan abin da ya rage shi mafarauci zai ƙona, shi mai cire zuma zai ƙona, shi makiyayi zai ƙona, shi mai sharar gona zai ƙona, kowace shekara, kuma galibi a makare. Abin da ya sauya ke nan.

Jikan Maharba:
Ranka ya daɗe, ka yi adalci. Ina so in wanke sana'ar gidanmu. Maharbin gaske da sawu yake farauta, ya san makwancin dabba, ya san lokacin da take da ciki ya ƙyale ta. Mai kewaye daji da wuta ya tsaya da kulki da karnuka, wannan ɓarna yake yi. Wuta ba ta tantance babba da jariri. Kunkuru, bushiya, hawainiya, 'ya'yan zomo, duk abin da ba ya iya gudu ya tafi. A garinmu da asuba kukan fakara ke tashe mu, yanzu yaran da aka haifa ba su san muryarta ba.

Mai Tambaya:
Ku yi haƙuri zan kawo wani ɓangare. Na yarda da maganar ƙasa da bishiyoyi. Amma in an ce wutar gafiya tana ɗumama duniya, nan ne nake tsayawa. Amurka da Sin da Turai su ne suka cika sama da hayaƙin masana'antu da motoci. Sai kuma a zo a ɗora wa talakan da ke neman naman miya? Ciyawar ma ai da damina take sake fitowa.

Malamin Ƙasa:
Ɗan'uwa, kana da gaskiya a wuri biyu. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga man fetur da kwal da gas ba, don haka babu mai hankalin da zai ce manomin Doguwa ne ya jawo ɗumamar yanayi. Haka nan kabon da ciyawa ta saki da ta ƙone, sabuwar ciyawa tana shanye kwatankwacinsa da damina. Kamar bashi ne da ake biya duk shekara.

Amma akwai wanda ba a biya. Na farko, hayaƙin ba kabon kaɗai ba ne. Akwai iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 take riƙe zafi kusan sau 28 fiye da kabon, akwai wata ta naitirojin da ta haura sau 260, ga baƙin ƙunar da ke yawo a sama yana shan zafin rana. Ciyawar baɗi ba ta dawo da waɗannan. Na biyu, in wuta ta hana bishiyoyi tasowa, ta kuma rage baƙar ƙasa, kabon da ya kamata ya zauna a cikin itace da ƙasa shekaru aru-aru ya koma sama ke nan. Kuma abin ba ƙarami ba ne in an tara: hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake.

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki. Waɗannan hotuna sun nuna filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma yankinmu na cikin inda ya fi raguwa. Dalilin shi ne abin da Baba na gandun daji ya faɗa, dajin ne ya zama gona.

Ni dai ko an ajiye lissafin duniya gefe, yanayin ƙauyenka ya ishe ka dalili. Ka taka baƙar ƙuna da tsakar rana a watan Maris, sannan ka shiga ƙarƙashin tsamiya, jikinka zai ba ka labari. Yanzu da damina take zuwa da ruwa mai ƙarfi a lokaci guda sannan ta ɗauke kwana goma ko fiye, ƙasar da ke riƙe ruwa ita ce ke fitar da manomi. Ɗumamar da wasu suka jawo tana zuwa mana ko muna so ko ba ma so, mu kuma muna ƙone garkuwarmu.

Mai Tambaya:
Wannan na ƙarshen ya shige ni. Amma ina nan kan bakana cewa masu manyan masana'antu su ya kamata su biya kuɗin gyara.

Malamin Ƙasa:
Ban saɓa maka ba. A arewacin Ostareliya ma a 2006 'yan asalin ƙasar a yankin Arnhem suka fara karɓar kuɗi daga wani kamfanin gas saboda sun koma ƙunar farkon rani irin ta kakanninsu, wadda ke rage hayaƙin wutar ƙarshen rani.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku ƙara da lafiya. Hunturu da ƙurarsa kaɗai ya ishi mai asma da tsoho da jariri, sai a haɗa musu da hayaƙi. A wannan lokaci ne muke cika da masu tari da sarƙewar numfashi. Sannan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma da rani ya fi tashi. Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya, a cikin gargaɗinta tana cewa a guji ƙona daji, don in an ƙone wa ɓera gidansa, rumbunka da ɗakin girkinka zai nufa.

Hajiyar Zango:
Salamu alaikum 'ya'yana, daga Tamale. Duk wanda ya kai shekaruna a Gana, in ka ce masa 1983 sai ya yi shiru. Fari ya zo, sannan wuta ta bi ƙasar, ta ci gonakin koko da na abinci har cikin kurmin da ba a saba ganin gobara ba. A shekarar ce kuma aka koro 'yan Gana daga Najeriya, baki ya ƙaru abinci ya ragu. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana ce masa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasar na lokacin. Ni na ga layin abinci da idona. Bayan nan aka yi dokar hana ƙona daji, aka sabunta ta a 1990, aka kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka. Duk da haka har yau in rani ya yi, hanyar Tamale zuwa Bolgatanga baƙa ce dama da hagu, mata masu tsintar kaɗanya su ke kwana a ciki. Inda na ga abin ya yi sauƙi shi ne garin da sarki ya tsaya da kansa ya ce ba a yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Hajiya, mu ma muna da doka. Tun 2011 akwai ƙa'idar tarayya a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA da ta hana ƙona daji ba tare da izini ba. Amma wa zai kai takarda bakin Falgore da la'asar? Mai unguwa da liman da sarkin baka da arɗo, su ne suka san yaron da ya fita da ashana.

Almajirin Zaure:
Liman kuwa yana da abin faɗa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa tururuwa ta ciji wani annabi, ya sa aka ƙone gidansu, Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. To ina ga wanda ya ƙone daji sukutum saboda gafiya? Ga haƙƙin maƙwabci da aka cinye wa harawa. Huɗuba ɗaya a farkon kaka za ta yi aiki.

Ɗan Dakoro:
Baba Manomi, kada ka yanke ƙauna da wurin nan. Ƙasarmu ta fi taku bushewa, amma tun wajen 1983 da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi, mutane sunka koyi barin kututturen da ke tohowa a gona, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a gyara, a sare saura. Sassaben zamani muke ce mishi. Yau ana ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 sunka farfaɗo da haka a Nijar, ka je yankin Zinder ka ga gawo cikin gonaki. Saiwoyin kalgo da sabara da marke suna nan da rai ƙarƙashin jar ƙasarka. Sharaɗin guda ne, wuta ta bar su shekara uku ko huɗu.

Manomin Doguwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Iyayen yaran sun zo sun ba da haƙuri, na yafe harawar, amma na ce sai mun zauna gaban mai unguwa ranar Juma'a bayan masallaci, kuma na aika wa arɗon rugar da ke kusa da mu ya zo. Abin da zan nema shi ne mu ware gefen kwarin nan, kowa ya sa hannu mu share masa hanyar tare wuta. Baba na gandun daji, faɗin nawa za mu yi, kuma yanzu ba mu makara ba?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Inda ya ƙone bana ya riga ya zama katanga, sai ku kewaye abin da ya rage tun kafin Fabrairu. Inda ciyawa gajera ce taku goma ya isa, inda ta kai ƙirji ku ninka, ku fi ba gefen gabas da arewa ƙarfi, don ta nan iskar hunturu ke turo wuta. Ku kwashe abin da kuka share ku kai wa dabbobi, kada ku tara shi a bakin layin. Mangwaron kuma kada ka tumɓuke su tukuna. Ka kankare ɓawon gindin da farce, in ka ga kore a ciki ka yanke daga inda ya ƙone ka ci gaba da ba shi ruwa. In masu aure ne kuma tohon ya fito daga ƙasan wurin auren, sai ka sake musu aure da damina.